Abin da Surajo Ya Ce Zai Kashe

A'a, ba haka aka yi ba, kuma don Allah ku daina maimaitawa. Duk sanda aka ambaci Surajo a guruf-guruf ɗinmu na Doha sai wani ya yi wuf ya ce, "Ai shi ne wanda ya ce zai kashe yaran makaranta, ya ja mana zagi." Wani ya ce ƙwaya ce. Wani ya ce ranar Qatar ce ta dafa masa kai. Masu ɗan tausayi su ce wasa yake yi, sai dai ba a irin wannan wasan a ƙasar mutane. Dukanku kun kauce, har masu tausayin. Surajo bai yi barazana ba, bai kuma yi wasa ba. Esi ya ce zai kashe. Na'urar sanyaya ɗaki. Guda goma sha ɗaya.

Kar kuma wani ya zo min da zancen doka. Na san a ƙasar nan yi wa makaranta ko wurin aiki barazana laifi ne, da baki ko ta waya, kuma ni ban ga aibin haka ba. Duk mai ɗa a aji yana son a ɗauki irin wannan maganar da zafi. Doka ba ta jin Hausa, ba laifinta ba ne. Amma akwai mutum arba'in da suke jin Hausa, suka san gaskiyar magana tun ranar farko, suka ja bakinsu. Da su nake. Na yi magana da Surajo ta waya sau uku, na yi da matarsa, na zauna da mace ɗaya tilo da ta tsaya masa. Ga yadda aka yi.

Surajo ɗan Malumfashi ne. Kafin ya zo nan wayarin wuta yake yi a gidaje da shaguna. Ya tashi a unguwar da in an kawo wuta awa biyu a yini sai a yi ta murna, shi ya sa tun yana ƙarami ba ya iya ganin fitila tana ci a ɗakin da babu kowa. Ciwo take masa a ido. Ya sauka Doha ƙarshen 2019, wani kamfanin gadi ya ɗauke shi, aka ajiye shi a ƙofar wata makarantar kuɗi a Mesaimeer. Ya baro matarsa Haulatu da cikin wata biyar.

A masauki su shida ne a ɗaki. Sati bai cika ba suka raɗa masa suna Nepa, don da ya shigo wuta za ta ɗauke. Kana banɗaki ka ɗan daɗe shiru, sai ka ji ɗif.

"Kai Nepa! Akwai mutum a ciki!"

"To ka riƙa tari mana, a san da kai."

"Kai kake biyan kuɗin wutar?"

"Ko ba ni nake biya ba, Allah zai tambaya."

Wanda ya fi kowa tsokanarsa shi ne Sunusi, ɗan Kano, mai kwana a saman gadonsa. Makaranta ɗaya suke gadi, sai dai Surajo yana yini, Sunusi yana kwana. Ku riƙe sunan nan.

Haulatu ta haifi mace a watan Maris na 2020, daidai lokacin da korona ta rufe makarantu. Aka sa mata Ikilima. Ta waya Surajo ya ga raɗin sunan, yana tsaye da takunkumi a ƙofar makarantar da babu ko ɗalibi ɗaya. Watanni ya yi yana gadin kujeru. Da cutar ta kama Sunusi aka kai shi wurin killacewa, ya dawo ko bokiti ba ya iya ɗagawa. Surajo ne yake masa wanki. Shi yake dama masa kunu da garin da Haulatu ta haɗo shi da shi tun daga gida, wanda shi kansa lallaɓa shi yake yi. Ya riƙe masa aiki har sau tara don kar kamfani ya ce mara lafiya ne a mayar da shi gida. Sunusi da bakinsa ya ce a gaban 'yan ɗaki, "Nepa, in na manta wannan Allah ya manta da ni."

Da aka buɗe makarantu aka ba Surajo na'urar auna zafin jiki, irin mai kama da ƙaramar bindiga da ake saita wa a goshi. Yara suka saba da shi. Ya haddace sunayensu, na Larabawa da na Indiyawa da na Filifinawa, yana kiransu da lafazin Malumfashi suna dariya. Wani abokin aiki ya ɗauke shi hoto yana auna wata yarinya, ya tura a guruf ɗin Hausawan kamfanin, kowa ya sa dariya. Ku riƙe hoton nan ma.

A makarantar akwai Basiratu, 'yar Zangon Kumasi, mai shara da goge-goge a ƙarƙashin wani kamfanin daban. Ta girme shi nesa, Anti yake ce mata. Kullum suna faɗan Hausa.

"Ƙanina, matanka ya kira yau? Yarinya ya fara tafiya?"

"Anti, mata ne fa. 'Ta' ake cewa. Ta kira, ta fara."

"A Kumasi mace da namiji duka 'ya' ne. Ba mu da lokacin ɓatawa."

"Shi ya sa kuka lalata Hausa."

"Mun lalata, amma kana cin waken da na dafa. Yalla, buɗe min ƙofa."

Haka rayuwar ta tafi kusan shekara uku. Bai taɓa zuwa hutu ba. Farko korona ta hana, daga baya kamfani ya ce babu mai tafiya sai an gama gasar ƙwallon duniya. An sa masa hutun a Janairu. Ya sayi ɗan takalmi ja na yarinya ya ajiye a loka, ya auna da tafin hannunsa don bai san girman ƙafarta ba.

Sai wata Talata a watan Oktoba na 2022, saura wata guda a fara gasar. Garin ya cika da tutoci, kowane kamfanin gadi a tsorace yake, an ja kunnen kowa cewa ko jakar leda aka gani a yashe a kai rahoto.

Da safen ranar, wajen miƙa aiki, manajan kamfanin ya zo makarantar ya tarar an bar esi a kunne a azuzuwa tun jiya. Ya wanke Sunusi tas. Sunusi ya koma masauki cike da haushi, wajen ƙarfe ɗaya na rana ya tura murya a guruf ɗin Hausawan kamfanin, mai mutum arba'in da ɗaya. Surajo ya maimaita min ita kamar yadda ya ji:

"Nepa, kana jina? Wallahi yau wancan ƙaton jakin mai taye ya ci min mutunci a gaban mutane. Wai esi goma sha ɗaya aka bari a kunne. Ni na kunna? Malaman nan su tashi su kama gabansu kamar gidan ubansu. Allah ya isa tsakanina da mai kan kwakwar nan. Don Allah kai da ka iya, ka riƙa bi kafin ka tafi."

Surajo yana bakin ƙofa, rana tana dukan gilashin wayar har ba ya gani sosai. Wata motar kaya ta zo, ya ajiye wayar ya buɗe mata, ya dawo ya danna guruf ɗin da ke sama ya rubuta amsa. Bai lura ba, a 'yan mintocin nan wani saƙo ya shigo guruf ɗin ma'aikatan makaranta, shi ya hau sama. Guruf mai malamai da direbobi da shugabar makaranta da manaja. Can amsar ta faɗa:

"Rabu da su, na gaji da halinsu wallahi. Gobe ana buga ƙararrawa zan bi aji-aji in kashe su duka. Ko ɗaya ba zan bari ba."

Ya mayar da wayar aljihu.

Yanzu kai mai karatu, Bahaushe, faɗa min. Me muke cewa in za mu hana fitila ci? Kashewa muke yi. Mu kashe rediyo, mu kashe mota, mu kashe waya, mu kashe fanka. Uwarka ta faɗa maka kalmar nan sau dubu kafin ka shekara goma, ba ka taɓa neman wuƙa ba. Amma sakatariyar makarantar ba uwarka ba ce. Ta ga rubutu da wani yare daga mai gadi, ta kwafa ta zuba a manhajar fassara. Manhajar ta zaɓi kisan rai. Ta karanta cewa mai gadin ƙofa ya gaji da su, gobe zai bi aji-aji, ko ɗaya ba zai bari ba.

Shugabar makaranta ta sa aka kulle azuzuwa da yaran a ciki, ta kira 'yan sanda. Ni ma da ni ce ita abin da zan yi kenan.

Shi kuwa Surajo bai san komai ba. Ya ji sanarwa a lasifika cewa kowa ya zauna inda yake, sai ya yi abin da aka koya masa. Ya ja ƙofa ya rufe. Iyayen da suka fara zuwa ɗaukar yara suka taru suna bugun ƙarfe, yana lallashinsu da guntun Turancinsa, yana ce musu su kwantar da hankali, yana nan, babu wanda zai taɓa yaran. Da motocin 'yan sanda suka iso shi ya buɗe musu da gudu, ya ƙame ya sara.

Suka tambaya, wane ne Surajo.

Ya ce shi ne, yana murmushi.

Sunusi yana cikin guruf biyun. Yana kwance a masauki ya ga amsar ta faɗa inda bai kamata ba, ya ga malamai sun fara tambaya a firgice. Layi ɗaya kawai zai rubuta a wannan lokacin: zancen esi ne. Bai rubuta ba. Ya koma guruf ɗin Hausawa ya goge muryarsa ga kowa, saboda jaki mai taye da mai kan kwakwa suna ciki.

Kwana biyar Surajo ya yi a tsare. An buɗe lokarsa, an samu sukundireba ta gwada wuta, da tef baƙi, da takalmin yarinya. An duba wayarsa, inda muryar take an ga alamar an goge saƙo. An kawo wani dattijo mai jin Hausa ya ce kalmar tana ɗaukar ma'ana biyu. Suka ga babu abin riƙewa, suka sallame shi, suka miƙa shi ga kamfaninsa, wanda shi ne kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar. Ku lura da kyau: hukuma ta sake shi.

A kwana biyar ɗin nan ne Ja'afar ya yi aikinsa. Ja'afar direba ne a kamfanin, mai yin bidiyo a intanet, irin masu jingina da motar da ba tasu ba suna ba matasa shawara. Ya tono tsohon hoton nan na auna zafi, ya yanke shi, ya dusashe shi yadda ba za ka gane abin da ke hannun Surajo ba. Mutum baƙi cikin kayan gadi ya saita wani abu a goshin yarinya. Ya ɗora muryarsa a kai: "'Yan'uwa, mu Hausawan Qatar ba da yawunmu ba. Irin waɗannan su suke ɓata mana suna, su suke sa a hana yaranmu biza." Ya sa rubutun Turanci a ƙasa don waɗanda ba sa ji su ma su ƙaru. Ja'afar yana cikin mutum arba'in da ɗayan nan. Ya saurari muryar Sunusi kafin a goge ta, har ya sa mata dariya.

Manaja ya ce wa Surajo za a zauna ranar Laraba ƙarfe goma a ofishinsu na Madinat Khalifa. Ya ce ya kawo saƙon da yake cewa ya amsa, ko wanda ya tura shi, ko wani abokin aiki da ya ji shi. In ya kawo, a mayar da shi wani wurin ya ci gaba da aiki. In bai kawo ba, a soke katin zamansa ya hau jirgi. Shaida ɗaya ake nema.

Surajo ya koma masauki bayan la'asar ya tarar da Sunusi yana naɗe katifa.

"Ina zuwa?"

"An canza min ɗaki."

"Waye ya canza maka?"

Sunusi ya ci gaba da naɗe katifar.

"Sunusi, muryar nan."

"Wace murya?"

"Haba ɗan'uwa. Ba sai ka kunna musu ba. Ka zo kawai ka ce zancen esi muke yi."

"In na zo za su ce me na goge. In na faɗa, mu biyu za mu hau jirgi. Me ka ƙaru? Ni ma ina da masu jirana a gida."

"Ka ce musu ka zagi malamai ne kawai."

"Kai dai ba ka san mutanen nan ba." Ya ɗaure katifar da igiyar shanya. "Kuma tsakani da Allah, Nepa, kai ma da naka. Kowa 'ofin' yake cewa. Zan yi ofin ɗin esi, khalas. Kai sai ka kawo mana Hausar Malumfashi. Wai in kashe su duka. Ko ni da na karanta sai da gabana ya faɗi."

Ya saɓi katifar ya fita. Igiyar ma ta Surajo ce.

Surajo ya rubuta a guruf. Ya ce don girman Allah duk wanda ya ji muryar ya zo ranar Laraba, ko ya rubuta layi ɗaya ya sa sunansa. Ya zauna yana kallon masu karantawa suna ƙaruwa har talatin da takwas. Wani ya ce Allah ya fitar da kai. Wani ya tura hoton hannu biyu na addu'a. Wani ya tura hadisi a kan haƙuri. Kafin magariba shugaban guruf ya cire shi, ya rubuta cewa an yi haka ne don kare sauran 'yan'uwa, tunda ba a san wa ke duba wayoyi ba yanzu.

Ranar Laraba Surajo ya isa ofis tun ƙarfe tara. Ya zauna a benci yana kallon ƙofa. Goma saura biyar sai ga Basiratu cikin kayan aikinta, ta bar tsintsiya da bokiti a makaranta ba tare da izini ba ta hau tasi.

"Anti, za su kore ki."

"Su kora. Ina mazan?"

"Babu kowa."

"Maza arba'in," in ji ta. "Tashi mu shiga."

Turancinta ya fi nasa, ita ta yi bayani. Ta ce shekara uku ta san shi, ta ce Nepa ake ce masa saboda kashe wuta, ta ce a Hausa kalma ɗaya ce. Manaja yana jinta yana duba agogo. Da ta ga bai gane ba sai ta ɗauki rimot ɗin da ke kan teburinsa ta saita esin ofis ta danna. Iska ta tsaya.

"Ka gani? Na kashe. Abin da ya rubuta kenan."

Manaja ya ce ta kunna masa abinsa. Ta kunna. Sai ya ce zai yi mata tambaya, e ko a'a kawai yake so. Kalmar nan, ana faɗarta in an kashe mutum?

"Ana faɗa, amma..."

E ko a'a.

Ta kalli Surajo. Basiratu ba ta iya ƙarya ba. Ta ce e.

Ta ji muryar da kunnenta? A'a, ba ta cikin guruf ɗin maza. 'Yar Najeriya ce? A'a, Ghana. Ma'aikaciyarsa ce? A'a.

Daga nan manaja ya juya wayarsa ya nuna wa Surajo bidiyon Ja'afar. Bai ɗaga murya ba, har da ɗan tausasawa. Ya ce shi ba ya jin yarensu, ba zai yi musu a kan abin da bai sani ba. Amma ga wanda yake ji, ɗan ƙasarsu, abokin aikinsu, yana cewa da gaske ne. Iyayen yara sun gani. Wasu kamfanonin sun gani. Saura sati uku gasa, a wace ƙofa zai tsayar da wannan fuskar? Ya ce, "Mutanenka ne suka faɗa, ba ni ba." Ya tura masa takarda ya sa hannu.

Saura kwana goma sha ɗaya a fara wasa aka kai shi filin jirgin Hamad. Baƙi suna ta sauka da riguna kala-kala, kiɗa yana tashi, ana ta neman masu gadi ko'ina. Mai gadin da ke ƙofar da ya shiga Bahaushe ne, ɗan guruf ɗin, sun sha cin abinci a faranti ɗaya. Surajo ya yi masa sallama. Mutumin ya kalli jakarsa ya ce da Turanci ya matsa gaba.

An cire Basiratu daga makarantar saboda barin aiki ba izini, yanzu banɗakuna take wankewa a wani wurin. Sunusi kuwa an kai shi filin wasa lokacin gasar, aka ba shi riga mai ƙyalli da mutum takwas a ƙarƙashinsa. Hotunan suna nan a shafinsa, ya rubuta Alhamdulillah a ƙasan kowanne. Ja'afar ya ƙara mabiya. Da wani ya ce masa ai an saki mutumin, sai ya ce shi bai ambaci suna ba.

Bidiyon ya riga Surajo isa Malumfashi. Ya sauka ya tarar kowa ya gani, har masu shayi. Takalmin ya yi wa Ikilima kaɗan. Ya koma neman aikin wayarin, mutane su ce za su kira shi. Wani mai gida ya ba shi aiki, da ya zo da kayansa sai ya ji matar gidan tana kwashe yara tana turawa maƙwabta. Ya gama aikin ya fito bai sha ruwan da aka ajiye masa ba.

Bana aka sa Ikilima a Islamiyyar unguwa. Kwana uku yana kai ta da kansa, yana riƙe da hannunta, abin da ya shekara uku yana tsaye a ƙofar makarantar wasu yana kallon iyaye suna yi. A rana ta huɗu shugaban makarantar ya fito ya tare shi, ya ja shi gefe.

"Malam Surajo, wallahi ba don ni ba. Ni na san mahaifinka. Iyaye ne suke magana."

"Malam, esi ne fa. An sake ni."

"Na sani, na sani. To amma akwai wata shaida? Wani abu da zan nuna musu?"

Babu.

"To ka ga, ko maman ta riƙa kawo ta. In kuma dole kai ne, ka tsaya daga wajen tiransifoma, ta ƙaraso da kanta."

Nan yake tsayawa yanzu. Ya saki hannunta a wajen tiransifoma, ta yi tafiyar ita kaɗai tana waiwaye. Ta tambayi uwarta me ya sa baban kowa yake zuwa ƙofa ban da nata.

Haulatu ta ce min abin da ya fi ba ta tsoro ba wannan ba ne. Ta ce tun da ya dawo bai sake taɓa makunni ba. In an kawo wuta da rana fitilar tsakar gida za ta yi ta ci, ya zauna a ƙarƙashinta yana kallon ƙasa. Ran nan ta manta, hannunta da kumfa, ta ce, "Baban Ikilima, kashe fitilar nan mana." Ya tashi ya sa takalmi ya fita, sai bayan azahar ya dawo. Yanzu ita ma ta daina faɗar kalmar a gidan.

To, ku arba'in ɗin nan. Na san kuna karantawa, don wasunku suna bibiyata. Na kuma san wani abu: rabinku irin manhajar nan kuke amfani da ita wadda ba ta bari a goge saƙo, wadda kuke alfahari da ita kuna cewa ba a ɓoye muku komai. Muryar Sunusi tana kwance a wayar wani a cikinku yanzu haka, daƙiƙa talatin da wani abu. An gama gasa. Manajan ma na ji ya bar kamfanin. Babu mai korarku a kan jaki mai taye. Aikin Doha ya riga ya tafi, Surajo bai ma nemi ya dawo ba. Abin da shugaban Islamiyya ya tambaya kawai ake nema, wani abu da za a nuna wa iyaye.

Wanda yake da muryar ya ɗora ta nan ƙasa. Wanda ba shi da ita amma ya ji ta, ya rubuta sunansa na gaskiya da garinsu, ya ce na ji, zancen esi ne. Ja'afar, ka sauke bidiyon, ka yi wani da fuskarka, ka sa hoton cikakke yadda za a ga abin da ke hannunsa. Sunusi, kai ka san abin da ka faɗa a gaban 'yan ɗaki ranar da ka iya miƙewa. Ku kuma sauran da kuka tura bidiyon gida don a ce kuna da labari, ku tura wannan ta hanyar da kuka bi. Kar wanda ya sa min hannun addu'a a nan, Surajo ya samu talatin da takwas. Ku buɗe baki.